Sandunan da Baba Bai Gasa Ba

Abin da idona ya fara sauka a kai da muka shiga gidan Alhaji Abakar a Kuseri shi ne gashin taya. Duk wanda ya taɓa shafa sabuwar tayar mota ya san 'yan siraran gashin robar nan da ke tsaitsaye a jikinta, waɗanda kwalta ke cinyewa tun a tafiyar farko. Motar ja ce, mai ƙofa biyu, gajeriya sosai, tana fake a gindin darbejiya, an ɗaure raguna biyu a ƙarfen gabanta. Tayoyin sun sace, rana ta tsattsaga su. Amma gashin yana nan bai goge ba. Baffana yana can gaba yana ta sallama, ni kuwa na durƙusa na taɓa da yatsa. Tayoyin nan ba su taɓa hawa titi ba.

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku, wanda makanikan Garwa suka fi sani da Metir Isiyaku mai tur, metir kuwa ogan sana'a ke nan a Faransanci. Ina da shekara tara a lokacin, yanzu ina lise, wato babbar sakandare. Ni ba mai magana ba ce. A aji ma sai malami ya maimaita sunana kafin a ji muryata, rubutu ya fi mini sauƙi. Shi ya sa na ce bari bana in rubuta abin da ya zauna mana a gida tun satin da aka kai shi makwancinsa, da yadda Allah ya sauke mana shi a hutun da ya wuce. Abin shi ne, shekara bakwai muka yi ba mu san ko aiki na ƙarshe da ya fita daga shagon Baba ya kashe wani ba.

Tur inji ne da ke juya ƙarfe, mai aikin yana feƙe shi kaɗan kaɗan har ya kai kaurin da ake so. Baba yana yi wa masu injin niƙa aiki, da masu famfon ban ruwa na bakin Binuwai, amma abin da ya sa ake zuwa wurinsa daga nesa shi ne sandar taya. A ƙarƙashin bayan mota akwai wata tukunyar giya da makanikanmu ke kira pon. Daga cikinta sanduna biyu na ƙarfe ke fitowa, ɗaya dama ɗaya hagu, su ne ke juya tayoyin baya. A kan kowace sanda akwai haƙora da aka tsaga a tsaye, suna shiga cikin 'yan'uwansu na cikin pon kamar yadda yatsun hannu biyu ke sarƙewa. Idan pon ɗin mota ya lalace, kuma motar irin wadda ba a samun kayanta ce a ƙasar nan, sai makaniki ya nemo na wata mota dabam ya ɗaura. A nan ake neman Baba, domin tsofaffin sandunan ba za su shiga sabon pon ba. Sai an yi sababbi, kai ɗaya da haƙoran wannan mota, ɗayan kan da na waccan.

Yana da hanyarsa ta yin abin. Zai je wurin 'yan gwangwan ya zaɓo sandar tsohuwar babbar mota, ya ƙona ta a wuta, ya binne a toka har ta huce, don ta yi laushin da za ta feƙu. Siffar haƙoran kuwa da sabulun wankin Inna yake ɗauka. Ya yanko gunduwa, ya danna a cikin giyar, ya zaro, sai ga haƙoran sun fito a jikin sabulun ya auna. Inna ta sha nemansa a bakin rijiya ta rasa, sai ta ce, "Uwata, je ki ce wa ubanki motocin Garwa sun fi mu wanka." Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa duk gidan ke ce mini Uwata. Idan ya gama tsaga haƙoran ɗaya bayan ɗaya, sai ya ɗiga man gyaɗa ya gwada. In giyar ta nemi guduma, ta matse, bai yarda ba. In ta zurma da kanta, ta yi sako-sako, ya jefar ya sake sabuwa. Sai wadda ta shiga da tafin hannu.

Aiki na ƙarshe shi ne gashi a wuta, kuma a gida yake yinsa, bayan madafi, ba a shago ba. Yakan jira almuru don ya ga launin ƙarfen da kyau a cikin garwashi. Idan ya yi jan da yake so, sai ya ɗauko da awartaki ya tsoma a rabin duro na baƙin mai. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, Inna tana kwashe shanya tana mita. Sandar da ta shiga tana sheƙi sai ta fito baƙa ƙirin, tana warin ƙonannen mai. Wata rana ya kira ni ya goga zarto a jikin baƙar, zarton ya zame yana ƙara siririya. Ya goga a jikin mai sheƙin, ya ci ta har da gari. Ya ce, "Kin gani, Uwata? Mai kyan nan ɗanya ce. Baƙar ita ce ta nuna." Ya ce ɗanyar sanda a mota mai gudu tana iya riƙewa yau, ta riƙe gobe, jibi ana tsakiyar hanya ta saki. Ban san me ya sa ya gaya wa yarinya ƙarama wannan ba. Wataƙila don ni kaɗai ce ke tsayawa in kalla har a gama.

Aikin jar motar wani direba ne ya kawo shi, dogo, Hausarsa da gargadar Larabci. Motar ba ta zo ba. Giyar sabon pon ya kawo a buhu da tsofaffin sandunan, ya nuna wa Baba hotonta a waya, ya ce ta Alhajinsa ce, ana son ta tashi kafin wani biki. Ina shagon ranar, na kai abinci, na leƙa hoton ta bayan hannun Baba. Baba ba ya karɓar lambar kowa. Yakan ce wanda ya san hanyar kawo aiki ya san hanyar dawowa. Ya ji daɗin aikin nan ƙwarai, don ya ce mai irin wannan mota ba ya tuƙi a hankali, saboda haka kuskure ko na kaurin gashi ba shi da wurin ɓuya. Ya feƙe sandunan, ya tsaga haƙoran, ya ajiye su a kan kanta suna ɗaukar ido. Ya ce wa Inna ta sa a kawo gawayi mai kyau. Gawayin ya zo da safe, da la'asar aka ɗauko Baba daga shago ya yanke jiki ya faɗi. Bai fito daga asibiti ba.

Baffa Sale ƙanen Baba ne, mahauci ne a babbar kasuwa, kuma mutum ne da ba ya wasa da amana. A al'adarmu, kafin a taɓa komai na mamaci sai an mayar wa kowa da kayansa. Saboda haka tun ana zaman makoki ya buɗe shagon, duk wanda ya zo ya nuna nasa ya miƙa masa. Abin da ba a gama ba ya ba da haƙuri, abin da aka gama ya ce a yi wa mai shi addu'a. Da direban nan ya zo ya yi ta'aziyya, Baffa ya duba sandunan ya ga suna walƙiya, babu tsatsa, babu tabo. Mutumin da ya yi rayuwarsa da wuƙa, a wurinsa ƙarfe mai sheƙi shi ne wanda aka gama wasawa. Har murna ya yi cewa yayansa bai bar wannan a rabi ba. Ya naɗe su a buhu da hannunsa, ya raka direban bakin titi.

Mu mata muna cikin gida, ba mu san an yi ba. Sai bayan sadakar uku Inna ta aike ni shago in ɗauko butar Baba da carbinsa. Na ga kantar babu komai. Na dawo na zauna kusa da ita, na jira matan da ke ɗakin suka ragu, sannan na ce, "Inna, wa ya gasa sandunan?" Ta dube ni, ta waiwaya ta ƙofa ta dubi buhun gawayin da ke jingine a madafi, ko bakinsa ba a kwance ba. Ta sa aka kira Baffa.

Ban taɓa ganin babban mutum ya zauna a ƙasa irin zaman da Baffa ya yi ranar ba. Ya cire hularsa ya riƙe, yana ta cewa, "Ai suna sheƙi. Wallahi suna sheƙi." Babu wanda ya ga laifinsa, Inna ma ta ce da ita ce a shagon ba ta san abin da za ta yi ba. Nan take ya tafi tasha, ya zaga garejin garin nan kaf. Babu wanda ya san direban. Sunan Alhajin ma babu wanda ya ji. Abin da muke da shi duka, jar mota mai ƙofa biyu, da mutum mai gargadar Larabci. Yana iya zama na Kuseri, ko Mora, ko can tsallaken kogi a Njamena.

Haka muka shiga shekarun nan. Malamin unguwarmu ya zo har gida ya ce wa Inna babu komai a kan mamacin, bai gama aiki ba, bai ce ya gama ba, kuma ba shi ya miƙa ba. Inna ta yi godiya. Da ya tafi ta ce mini, "Na san Allah ba zai kama shi ba. Amma in ɗan wata ya mutu, ita ma haka za a je a gaya mata?" Daga nan rediyo ta zama abin tsoro a gidanmu. Da an ce hatsari a hanyar Marwa ko ta Kuseri, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta matso. Su kuma masu labarai ba sa faɗin launin mota. Ranar ba ta cin abincin kirki. Ƙannena sun taso sun ga haka, sun ɗauka duk uwa haka take da rediyo.

Baffa kuwa sana'arsa ya sa a aikin. Mahauci ya san fataken shanu, fataken shanu kuma babu garin da ba sa shiga. Duk wanda zai yi arewa sai ya tsaya teburinsa, Baffa ya ƙara masa tsoka a kan abin da ya saya, ya ce, "In ka ga jar mota gajeriya mai ƙofa biyu, ka tambayar mini ta waye." Har suka sa masa suna Sale Jar Mota, suna yi masa tsiya wai so yake ya saya ya riƙa kai ƙafar sa gidajen Alhazai da ita. Shi dai ya yi dariya ya ƙara tsokar. An taɓa kawo labarin wata a Mora, ashe tasi ce mai ƙofa huɗu da aka yi wa fenti. Mafi muni shi ne shekarar da aka ce wata jar mota ta ƙwace a hanyar Marwa, samari biyu sun rasu. Baffa ya rufe tebur ya tafi. Ya dawo ya ce ba ita ba ce, babba ce, ta ɗaukar kaya. Inna ta ce alhamdulillahi, sai kuma ta fashe da kuka, ta ce dubi yadda ta zama, tana godiya a kan mutuwar 'ya'yan mutane.

Sau da yawa in na bi ta gaban tsohon shagon, wanda yanzu ake sayar da wayoyi a ciki, nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga Garwa ta yau. Tur ɗinsa yana Ngaundare, wani tsohon almajirin sana'arsa ya ɗauka. Yanzu makaniki sai ya ɗauki hoton sanda a waya, ya tura wa wani a Duwala, wancan ya tura gaba, bayan wata guda ta zo a kwali, an riga an gasa ta a wurin da ba wanda ya gani. Ina jin Baba ba zai yi fushi da wannan ba, don shi mutum ne mai son sabon abu, rediyon gidanmu ma buɗe ta ya yi don ya ga cikinta. Zai dai ɗauko zarto ya goga kafin ya yarda. Abin da na tabbata zai ɓata masa rai shi ne samarin da ke juya motoci a ranar ɗaurin aure, taya na hayaƙi, yara suna tsaye a gefe suna tafi. Zai tsaya ya saurari ƙarar bayan motar, ya girgiza kai, ya ja hannuna mu bar wurin.

Labarin ya zo ne gab da babbar sallah, ta bakin Malam Jibrilla, wani falken dabbobi da ya je Kuseri sayen raguna. Ya shiga wani gida, ya tarar da ragunan ɗaure a jikin jar mota. Ya tambaya, sai maigidan ya kwashe da dariya ya ba shi labarin wani mai tur na Garwa da ya yi masa sandunan alewa. Malam Jibrilla ya sayi ragunansa, ya zo ya tsaya a teburin Baffa ya ce, "Sale, yau ba tsoka za ka ƙara mini ba, cinya za ka ba ni."

Inna ta ce ba za ta iya zuwa ba, in labarin da ke bayan dariyar ba mai daɗi ba ne zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ta ce wa Baffa, "Tafi da Uwata. Kai za ka ji abin da aka gaya maka, ita za ta ga abin da ke wurin." Haka na yi tafiya mafi nisa a rayuwata, muka yada zango a Marwa, washegari muka ƙarasa, har na zo na durƙusa a gaban tayar nan.

Alhaji Abakar ɗan kasuwa ne, gajere mai tumbi, yana magana yana haɗa Hausa da Larabci da Faransanci kamar duk yare ɗaya ne. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar darbejiyar, aka kawo shayi. Baffa bai faɗi ko mu su waye ba, ya ce dai mun ji labarin motar ne. Alhaji ya gyara zama, da gani ya saba ba da shi.

"Bikin babban ɗana ne," in ji shi. "Na sa mata pon na wata ƙatuwar mota, na sa sababbin taya, an wanke ta har kana ganin haƙoranka a jiki. Makaɗa suna nan, abokaina na Njamena suna nan. Ango ya shiga da babbar riga, ya taka mai, unguwa duk ta ɗauka. Ya saki kuloci da ƙarfi don 'yan mata su gani. Sai muka ji ƙurrr! Inji na kuka, mota na tsaye. Ya ƙara takawa, tana tsaye. Wallahi Malam, akuyar da ke kwance a gabanta ko tashi ba ta yi ba."

"Daga nan fa?" in ji Baffa.

"Daga nan me? Kalas! A motar albasar maƙwabcina aka kai ango. Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya ce, Alhaji, yaushe za ka ba mu lif? Makaniki ya zaro sandar dama, haƙoran sun murɗe sun kwanta kamar an taka tuwo. Na ce ku bar ta nan, kada wanda ya ƙara taɓa ta. Direbana ya ce mai aikin ya rasu, na ce to, Allah ya jiƙansa, amma dai ya ci ni."

"Ba wanda ya ji ciwo?"

"Ciwo? Sai dai ni, a nan." Ya dafa ƙirji yana dariya.

Baffa ya ajiye kofin shayin, ya rufe fuska da hannu biyu. Alhaji ya tsaya yana kallonsa, ya dube ni. Da ƙyar Baffa ya ce, "Alhaji, yayana ne. Wannan 'yarsa ce. Bai ci ka ba. Bai gama ba ne Allah ya ɗauke shi, saura gashi. Ni na ba da su, ban sani ba. Shekara bakwai muna nemanka."

Ya ba shi labarin duka, har da rediyon Inna. Dariyar Alhaji ta ɗauke. Ya daɗe yana kallon motar, sannan ya ce a hankali, "Washegarin bikin yaron nan zai kai amarya Marwa a cikinta. Ya yi wa abokansa alkawarin zai riga su isa." Ya juyo ya dubi Baffa. "Da ƙarfen ya ɗan fi haka ƙarfi kaɗan, da ya fita ƙofar nan." Ya ɗaga hannu ya yi wa Baba doguwar addu'a da Larabci, muka shafa. Ya ce wa Baffa, "Ni kuma shekara bakwai ina ba da labarin bawan Allah a bakin kasuwa ana dariya. Ku yafe mini." Baffa ya ce, "Alhaji, ka ci gaba da bayarwa, labari ne mai daɗi. Ka dai ƙara masa ƙarshen."

A nan muka kira Inna. Baffa ya ce mata, "Babu wanda ya mutu. Ko ƙofar gida ba ta fita ba." Sai Alhaji ya karɓi wayar ya ce, "Hajiya, ni ne mai jar mota," ya sake ba ta labarin tun daga makaɗa har motar albasa. Da ya zo kan akuyar, sai na ji wata ƙara da na daɗe ban ji ba. Inna ce ke dariya, har tana tari, tana cewa, "Wayyo Isiyaku, wayyo Isiyaku."

Na yi ta tunanin abin da Baba zai ce da ya ji. Kunya za ta kama shi da farko, don bai taɓa yarda wani ya ga aikinsa a rabi ba, ko Inna in ta leƙa sai ya rufe da tsumma. Bayan haka ina jin zai tambayi abu ɗaya, ko sandunan sun shiga da tafin hannu. Na tambayar masa. Ɗan Alhaji na biyu, Musa, wanda ya zo ya zauna da mu daga baya, ya ce yana wurin ranar da aka ɗaura su, makanikin har ya ce bai taɓa ganin haƙoran da suka zauna haka ba. To, wannan ya ishi Baba.

Baba bai bar mana gida mai bene ba, shagon ma na haya ne. Motocin da ya yi wa sanduna yawancinsu sun mutu an sayar wa 'yan gwangwan, kuma ko suna raye aikinsa a ƙarƙashi yake, cikin mai da laka, inda ba mai gani. Abin da na ga ya rage shi ne wannan: ya bar mace da mahauci, waɗanda ba su san komai a kan mota ba, suka kasa samun sukuni shekara bakwai saboda ran mutumin da ba su san ko sunansa ba. Ba wa'azi ya yi musu ba. Sun dai zauna da mutumin da ke jefar da aikin kwana da kwanaki saboda giya ta zurma da sauƙi, har abin ya shige su. Ni kuma ya bar mini ido, da ɗabi'ar tsayawa har a gama.

Wannan ɗabi'ar ce ta sa na ji abin da Baffa bai ji ba. An kawo abinci, shi da Alhaji sun shiga hirar farashin shanu. Musa yana gefe yana gaya wa wani abokinsa cewa ya shawo kan mahaifinsa zai ta da motar bayan sallah. Ya ce ya riga ya tura hoton sanda Duwala. Abokin ya ce, biyu? Ya ce, "Ɗaya. Ta hagu lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane ba ta yi ba."

Na san dalili, Baba ya taɓa nuna mini da tayoyin wata mota da aka ɗage a gaban shago. Pon yana tura ƙarfi ne wajen da ya fi sauƙi. Da ta dama ta murɗe, duk ƙarfin can ya tafi, ta hagu ba ta ɗauki komai ba. Ba lafiya gare ta ba, ba a dai gwada ta ba ne. Ɗanya ce kamar 'yar'uwarta, kuma in aka haɗa ta da sabuwa mai tauri, wa ya sani, wataƙila wannan karon ta riƙe har a fita gari.

Yau da nake wannan rubutu sandar tana jingine a bayan ƙofar ɗakin Inna, tana sheƙi, ba za ta ƙara shiga motar kowa ba. Amma ranar, a gidan Alhaji, sai da na yi abin da ya fi mini komai wuya. Na dubi Baffa ko zai juyo, bai juyo ba, yana lissafa wa Alhaji raguna da yatsu. Maza huɗu ne a kan tabarmar, ni kaɗai ce mace, kuma baƙuwa. Na wanke hannu, na gyara mayafi, na matsa gaban Alhaji na durƙusa. Hirar ta tsaya. Ya ce, "Binti, 'yata, me kike so? Faɗi, duk abin da ke gidan nan."

Na ce, "Alhaji, don Allah a ce wa Yaya Musa ya sayo biyu. Ta hagun nan ma Baba bai gasa ta ba. Ina roƙon a ciro mini ita yau, in ga an ciro da idona, in kai wa Inna."